Miyar Roƙo da Ƙullin da Ban Kwance Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in ɗauki alƙalami. Tun ruwan shuka nake cewa gobe, har ga shi an yanke dawa, an shiga ɗiban auduga. Da farko kunya ce ta riƙe ni, a ce tsoho da furfurarsa ya zauna yana rubuta wa mutane zancen miya. Ga shi karatun bokon nawa sai da na tsufa na same shi a ajin manya nan Funtua, bai wuce na yaran elemantare ba. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne kada in rubuta sunan wani ganye bisa kuskure, wani ya karanta ya dafa wa nasa, ya cutu, alhakin ya hau kaina. Don haka tun yanzu ina roƙo, kada kowa ya ɗora tukunya saboda abin da zai gani a nan. Ni ma tambaya na zo yi.

Autata ce ba ta da lafiya. Mijinta ya rasu bara, rijiya ce ta rufta da shi yana yasar ta, ita kuma tana tsaye a bakin rijiyar da furar da ta kawo masa. Da ta gama takaba ta dawo gidana da jaririnta a baya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, malamin asibiti ya duba ta ya ce jikinta ƙalau yake. An yi mata rubutu ta sha, addu'a kuma ba mu fasa ba. Amma ba ta cin abinci, nono yana janyewa, yaron yana ramewa. In jirgi ya yi kuka a tasha, duk abin da ke hannunta sai ya faɗi ƙasa. Wannan ciwon na san shi, domin na yi shi, kuma da miya aka yi mini maganinsa. Ko kuwa in ce ina zaton da miya ne. Nan ne ruɗanin nawa yake.

Zamanin da zan ba da labari Turawa ba su zo ba tukuna. Funtua ba ta wuce ƙauye ba, Maska ce gari, can aka haife ni. Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, ina saƙa a masaƙar da mahaifina ya mutu ya bar mini. Muna da gonar auduga a bayan ganuwa. Wata rana da hantsi ni da ƙanena muna ɗiba, shi yana can ƙarshen gona ni ina kusa da kwari, sai mahara suka faɗo daga arewa, kamar yadda suka saba a shekarun nan. Ni dai na tsinci kaina a cikin kwarin, gamba ta rufe ni. Ban ga komai ba, ji kawai na yi. Na ji kofato, na ji ihu, na ji an kira Yaya. Da ƙura ta lafa aka fito nema, ba a ga ƙanena ba, kuma har yau ba a gan shi ba.

Bayan haka jikina ya ƙi komawa daidai. In na zauna a masaƙa sai ƙoshiyar saƙa ta kuɓuce mini, zare ya tsinke. Jaki in ya wuce ta bayan danga sai gabana ya yanke ya faɗi, in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Tuwo kamar yashi a bakina. Na daina zuwa dandali, na daina fita ko zaure, masallaci ma sai in laɓe a sahun baya in riga kowa fita. Duk wanda ya ce yaya jiki, in ce lafiya lau.

Inna, mahaifiyata, 'yar ƙaramar mace ce marar yawan magana, kullum tana kan kaɗi. Ban ga hawayenta ba tun ranar. Wata safiya ta shigo ɗakina ta ajiye ƙwarya a gabana.

"Tashi, za ka yi mini roƙon miya."

"Inna, ba kayan miya a gidan nan?"

"Akwai. Ba su nake so ba."

Na taɓa jin ana faɗin miyar roƙo, amma na ɗauka abin mata ne, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi mini bayani. Ba a sa komai na gidan marar lafiya sai ruwa da wuta da tukunya. Ba a sayo komai a kasuwa. Marar lafiyar ne da ƙafarsa zai bi gida gida yana roƙo, kowane gida abu ɗaya.

"Kuma in an ce maka lafiya, kada ka ce lafiya."

"To in ce me?"

"Ka faɗi abin da ya same ka."

"Ai kowa ya sani, Inna."

"Sun sani. Ba su ji daga bakinka ba."

Wanda bai gwada ba ba zai san nauyin wannan ba. Mutum tun yana koyon magana ake koya masa lafiya lau, ko gawa ce kwance a ɗakinsa. Na ce mata ba zan iya ba. Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi a nan bakin ƙofar har rana ta ɗaga. Na ga ba tashi za ta yi ba, na ɗauki ƙwaryar.

Gidan farko na wata tsohuwa ce mai daddawa, masifaffiya, yara ko inuwar gidanta ba sa bi. Na tsaya a zaure na yi sallama, tunda na girma da shiga cikin gidan mutane. Ta fito tana goge hannu, ta dubi ƙwaryar, ta dube ni.

"Kai ne? Lafiya?"

Bakina ya buɗe zai ce lafiya lau, na kama shi da ƙyar. Na tsaya kamar gunki.

"Kai, ɗan nan, ina da kalwa a wuta. In kurma ka zama ka yi mini nuni da hannu."

Na ce, "Iya, ba lafiya." Daga nan maganar ta fito a hargitse, na fara da jaki, na koma kan gamba, na dawo kan zare. Ta saurara har na ƙare, kalwar tata na can tana ƙonewa. Ba ta ce sannu ba. Ta shiga ta fito da daddawa ta jefa a ƙwaryar, ta ce, "Na farin ne mai wuya. Wuce gaba."

Haka na bi. Gidan mahauci aka ba ni ƙashin saniya mai ɓargo, shi kam da kansa ya fito, da na gama magana ya ce ai shi ma da aka yi wani hari yana yaro a ramin kura ya ɓuya, kurar na ciki, har yau bai san wanda ya fi wani tsorata ba tsakaninsu. Na ji wani abu kamar dariya ya taso mini ya koma. Matar wani falke ta ba ni citta da kimba da masoro, irin waɗanda mijinta ke kawowa daga kudu. Wani gida aka tsinko mini zogale a jikin danga, wani gida ɗaɗɗoya daga bakin rijiya, wani garin kuka, wani ɗan gishiri da kanwa. Gidan da aka ba ni garin dawa na tuwo, matar kuka ta yi ta yi har ni na koma ba ta haƙuri.

Na dawo gida ina jin na gama. Inna ta leƙa ƙwaryar ta ce saura man shanu da ƙulli, kuma waɗannan sai a ruga, wurin wata Bafilatana da suke ƙawance. Rugar tana kan hanyar da ta nufi Malumfashi. Hanyar kuwa ta gefen gonarmu ta bi.

"Inna, ta gonar fa za a bi."

"Ba ni na shimfiɗa hanyar ba."

Washegari da sassafe na fita ƙofar gari. Da na iso gonar na tarar audugar na nan a tsaye ba wanda ya ɗiba, ta zube ta yi datti, awaki sun shiga. Na durƙusa na yi amai, ba komai a cikin sai ruwa. Na zauna a kan kunya ban san iya daɗewar da na yi ba. Da na miƙe na waiwaya, sai na hango wata mace can nesa da itace a ka, ta tsaya a gindin wata ɗorawa. Tsayinta da tsayuwarta duk na Inna. Da na tambaye ta daga baya ta ce ita tana gida tana kaɗi, matan da ke ɗauke da itace a ƙasar Maska ai ba su ƙirguwa.

Bafilatanar doguwa ce, tsohuwa, bakinta ja da goro. Tun daga nesa ta fara.

"Kaɗo ya zo! Kaɗo, da ƙafarka? Ku da ba ku iya tafiya sai a inuwar ganuwa?"

Ta zaunar da ni ta dama mini fura da nono, ta ce lafiya. Na faɗa mata. A lokacin labarin ya riga ya miƙe a bakina, ya san farkonsa ya san ƙarshensa. Ta girgiza kai, ta ce su ma an kore musu shanu a harin nan. Ta zaga bayan bukka ta ɗan jima, ta dawo da man shanu a ƙoƙo, da wani ƙulli a ganyen kalgo, an ɗaure shi da zaren rama. Girmansa bai wuce ƙwan zabuwa ba.

"Kada ka kwance, kada ka sansana. Ka kai wa uwarka, ta san abin da za ta yi."

Ni kuwa tun ina yaro in aka ce kada in yi abu, ko kusa da shi ba na zuwa. Na riƙe ƙullin nesa da hancina har hannuna ya ƙage. Duk da haka iska ta riƙa kawo mini ƙamshinsa, ina kawar da kai ina istigfari. Ƙamshin ya yi kama da na cikin sabon rumbu, da ɗan hayaƙi-hayaƙi, da wani abu mai sanyi kamar ɗaɗɗoya amma ba ita ba.

Inna ta sa ni na zauna a gindin murhu ina iza wuta, don haka dahuwar na gan ta da idona. Ƙashin ta fara sawa, ya yi ta tafasa har ruwan ya yi fari. Ta daka daddawa da citta da kimba da masoro ta zuba. Zogalen daban ta tafasa shi da ɗan kanwa, ta tsiyaye ruwan farko ta zubar, sannan ta juye shi a tukunya. Ta fasa ƙashin ta kwashe ɓargon ta mayar ciki. Ta kaɗa kuka kaɗan, ba ta bari ta yi kauri ba. Ɗaɗɗoya sai da ta kusa saukewa ta yayyaga ta da hannu. Sai ta ɗauko ƙullin.

"Juya baya."

Na juya. Na ji ƙarar busasshen ganyen kalgo, na ji ta motsa tukunya, shi ke nan. Da ta ce in juyo ta riga ta jefa kalgon a wuta, tana sa man shanu.

Na ci da tuwon dawa. Miyar tana da daɗi irin na ɓargo da daddawa, amma can ƙarshen harshe akwai wani ɗaci siriri, wanda in ka kora da ruwa sai ya juye ya zama zaƙi. Gumi ya karyo mini. Na cinye malmala, na kwanta a nan inuwar rumfa, ban farka ba sai da la'asar ta wuce. Da na buɗe ido na ga Inna tana kankare tukunyar tana ci, ta juya mini baya.

Kada wani ya ce a yini ɗaya na warke. Cikin ranin nan ta sake tura ni roƙon ba sau ɗaya ba, kowane karo har ruga, kowane karo juya baya. A hankali ƙoshiya ta zauna a hannuna. Kafin damina na koma dandali, na koma sahun gaba, audugar shekara mai zuwa ni na shuka ta a gonar nan. Fargaba dai ba ta rabu da ni duka ba, har yau ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe, nakan koma in duba ƙofar da na san na rufe. Amma na rayu, na yi aure, na haifa. Inna ta rasu bayan zuwan Turawa, ban taɓa tambayar ta abin da ke cikin ƙullin ba. An ce kada in kwance, sai na ɗauka tambayar ma kwancewa ce.

To, da na ga halin da autata ke ciki, sai na ce bari in yi mata miyar roƙo. Na dube ta yadda ta rame, na ce wannan ina za ta iya yawon gidaje, ga goyo. Na ɗauki ƙwarya da sandata na fita da kaina. Unguwarmu a Funtua ba kamar Maska ba ce, baƙi ne suka fi yawa, ma'aikatan jirgi da na injin gurzar auduga, kowa da garinsu. Na yi sallama a gidan farko, maigidan ya fito.

"A'a, Baba, kai ne da kanka? Lafiya?"

"Lafiya lau. Daddawa nake roƙo."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ga ciwon ba nawa ba ne, ba ni da ikon tallata shi a ƙofar gidan mutane, don haka ko'ina na je lafiya lau na ce. Kafin magariba sai ga kwanuka na shigowa gidana, wannan dawa, wannan gero, wani har da tsohuwar riga. Liman ya zo da kansa ya ja ni gefe, ya ce in wani abu ya faru ai shi ya kamata ya fara ji. Matata kuwa kamar ta cinye ni.

"Malam, rumbunmu cike, ka fita ka tona mana asirin da ba mu da shi! Gobe da wane ido zan shiga gidan suna?"

Saura ƙulli. Na bi masu magani a kasuwa ina kwatanta musu ƙamshi da ɗaci. Wani ya ce sabara ce, na sansana, ba ita ba ce. Wani ya rantse tazargade ne, na ɗanɗana, ɗacinsa ba ya juyewa. Wani ya ce ai duk abin da ke sa barci haka zaƙami ne, a sa kaɗan. Zaƙami, ga mace mai shayarwa! Ko sallama ban yi masa ba. Na je wurin 'yan matan Fulani masu tallan nono a bakin tasha, suka yi ta dariya, ɗaya ta ce wataƙila kakarta ta sani amma tana can wajen kiwo a kudu, wata ta ce kowace ruga da nata ƙullin. Wannan maganar ta hana ni sukuni. In kowace ruga da nata, to wanne ne na gaskiya?

Aka dafa ba ƙulli, ina tsaye a kan matata ina cewa ba haka Inna ta yi ba, har ta miƙo mini ludayin ta ce bismilla. Autar ta ɗan taɓa don ta faranta mini, ta ce an gode Baba, ta ture kwanon.

Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san zamanin nan, taubashiyata, 'yar kawuna, tana nan Maska wurin jikokinta. Na shiga mota na tafi. Na same ta a tsakar gida tana gurzar auduga, idon ya yi rauni amma bakin na nan yadda na san shi.

"Wa nake ji kamar bawana? Ashe ba ka mutu ba? Na riga na raba gadonka."

"Ke za ki riga ni, tsohuwar banza. Magana ce ta kawo ni."

Na kwashe duka na faɗa mata, har da kwanukan dawa da liman. Ta yi dariya har da tari, sai da jikarta ta kawo mata ruwa.

"Tsaya, tsaya. Wa ya yi yawon?"

"Ni."

"Wa ke ciwon?"

"Auta."

"To ai sai ka sha miyarka, Allah ya ba ka lafiya. Kai tun kana yaro haka kake, a ba ka tuwo ka tsaya auna kwanon. Ana yi wa mutum wanka a jikin wani?"

Na ce na ji, amma ƙullin fa? Ta ce ita ma an tura ta roƙon, shekarar da ta binne 'ya'ya biyu, wurin 'yar waccan Bafilatanar. Kuma ita kam tana shan kwana ta kwance.

"Kin kwance? Me kika gani?"

"Ganye."

"Ganyen me?"

"Ni boka ce? Busasshen ganye ne an murtsuke, da wani abu kamar saiwa. Ko ɓawo. Kai, ƙila ma ba saiwar, wannan a na jego ne na gani."

Na ce ta daure ta tuna. Ta ce ita dai uwarta ta taɓa ce mata ba wani abu ba ne a ciki, duk abin da hannun Bafilatana ya kai a bayan bukka shi take tsinkowa, don dai mutum ya taka har can. Har na fara sakin numfashi, sai ta ƙara da cewa amma kuma wata gwaggonsu ta ce ƙarya ne, ganye ne guda takamaimai da ke fita a gindin duwatsu, kuma in aka zarce da shi yana kwantar da mutum kwanciyar da ba tashi. Na ce to wacce ce mai gaskiya? Ta ce duk sun mutu, in je in tambaye su.

Da zan tafi ta riƙo hannun rigata, muryarta ta sauka.

"Ka san Inna bin ka take yi duk ranar da za ka je ruga?"

"Ta ce mini tana gida."

"Da itace a ka, don kada ka gane. Duk Maska an sani sai kai. Ita ma ai ɗanta aka ɗauke, wa ka ga ya ba ta ƙwarya?"

A mota ina ta tunanin tukunyar nan da take kankarewa.

Na dawo na zauna da autata na ba ta labarin tun daga kwarin gamba, abin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Na ajiye ƙwarya a gabanta. Ta daɗe tana kallon ta.

"Baba, in ce musu me?"

"Abin da ya same ki."

"Ai sun sani."

Na ba ta amsar da aka ba ni. Ba ta ɗauka ba ranar, ba ta ɗauka ba washegari. Ni kuma ban iya zaman bakin ƙofa irin na Inna ba, sai kai da kawowa nake ina tambayar kaina ko zalunci nake yi. Wata safiya na fito daga masallaci na ga ba ƙwaryar, ba mayafinta. Na bi ta a baya da sandata. Ba ni da itacen ɗauka, sai na laɓe a bayan wani amalanke, yara na nuna ni. Ta shiga gidan wata dattijuwa mai ƙosai. Na ji gaisuwa, can daga baya na ji kuka, ban san ko na wacece ba a cikinsu. Sai da rana ta take ta fito, idanunta sun kumbura, da daddawa kaɗai a ƙwarya.

A hankali ta haɗa sauran. Matan unguwar da suka gane abin da ake ciki suka daina aiko da dawa, wata ma ta aiko a tambaya yaushe za a zo nata gidan. Aka dafa, ita ke iza wuta. Ta ci rabin malmala. Jirgi ya yi kuka tana riƙe da ludayi, na ga kafaɗarta ta zabura, amma ludayin bai faɗi ba. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Sai dai jiya kuma ba ta ci komai ba, yau ma da ƙyar ta sha koko. Yaron na nan yadda yake. Ban sani ba ko haka abin yake tafiya, gaba da baya, domin nawa ma ban tuna ya miƙe sak ba. Ko kuwa rashin ƙullin ne. Kuma akwai tafiyar ƙarshe da ba ta yi ba. Ni gona na ratsa, ita rijiyar ce, tana can ƙauyen mijinta. In na tura ta, wurin wa za ta je a bayan rijiyar, me za a ba ta ta riƙo? Rugar nan ta tashi tun tuni, wurin ya zama gonar gyaɗa. Matata ta ce mu ƙulla ɗaɗɗoya a ganyen kalgo mu ba wata tsohuwa a can ta miƙa mata, wa zai sani? Ni zan sani. Kuma ɗacin nan mai juyewa zaƙi ban ƙirƙire shi ba, yana kan harshena har yanzu, ban kuma same shi a wani ganye ba tun daga ranin nan.

Shi ya sa na rubuto. Duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, musamman mutanen Maska da ƙauyukan da ke tsakaninta da Malumfashi, da Fulanin da iyayensu suka yi zama a wannan yanki, don Allah ya tambayi tsofaffin gidansu. Ina son sunan ganyen, da kamanninsa yana ɗanye, da inda yake fita, da yawan da ake sawa, da ko mace mai shayarwa tana iya sha. Wanda bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba, kada ya yi mini kara. Wanda kuma ya san cewa ba komai a ƙullin sai tafiyar, shi ma ya faɗa mini, ya gaya mini daga bakin wa ya ji. A aiko ta hannun masu buga wannan takarda, ko a tambayi tsohon masaƙin da ya yi yawon roƙon daddawa a bayan tasha, duk unguwar an san shi yanzu. Ƙwaryar tana nan rataye a bakin ƙofarta, ban ce ta ɗauka ba, ban kuma ce ta bari ba.